Makasar ƙwayar masassara: inda kowane magani yake duka, da abin da ke sa wani ya daina ci

Labari biyu ne suka zo kusa da juna suka bar mutane cikin ruɗu. Na farko ya ce ƙwayar masassarar cizon sauro ta fara turje wa atemisinin, sinadarin da ke cikin Coartem, a wasu ƙasashen gabashin Afirka. Na biyu ya fito a watan Nuwamba 2025, lokacin da kamfanin Novartis ya sanar da sakamakon gwajin wani sabon magani mai suna GanLum, wanda babu atemisinin a cikinsa. A jihar Maradi, inda daga Agusta zuwa Oktoba ɗakunan yara a asibitoci ke cika da masu palu, wato masassarar cizon sauro, wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2024 ya ƙiyasta mutum 597,000 masassara ta kashe a 2023, kuma kusan kashi 6 cikin 100 a Nijar suke.

Coartem ya daina ci ke nan? Me ya sa masu rabon maganin rigakafin yara na damana suke ƙin ba yaron da jikinsa ke da zafi? Me ya sa aka janye Nivaquine amma aka bar Fansidar? Amsar duka tana komawa ga abu guda: wurin da kowane magani yake duka a jikin ƙwayar cutar.

## Mece ce makasa

Maharbi ya san makasar dabba, wurin da in kibiya ta samu ba tashi. Masu harhaɗa magani ma abin da suke nema ke nan. Makasa a wajensu wani furotin ne, ko wani aiki, wanda ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da shi. Kafin a ce an sami ta kirki, sai ya zama ɗan Adam ba shi da irinta, ko tasa ta bambanta sosai, don kada magani ya haɗa da mai jinya. Sai kuma magani ya iya isa gare ta, domin ƙwayar tana ɓoye ne cikin jajayen ƙwayoyin jini. Sharaɗin da ya fi wuya shi ne ya zama wurin da ƙwayar ba za ta iya sauya masa siffa cikin sauƙi ba.

Hausa ta haɗa abu uku a kalmar ƙwaya: ta cuta, ta jini, ta magani. Don kauce wa ruɗu, ta cutar za a kira ta da sunanta, falsifarum, wadda ita ce ke haddasa kusan duk masassarar Nijar.

Idan macen sauro ta ciji mutum, falsifarum takan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, mutum bai ji komai ba. Daga nan ta faɗa jini. Kowace ta shiga jar ƙwayar jini guda, ta ci, ta girma, bayan awa 48 ta fashe ta fito da 'ya'ya 16 zuwa 32, kowane ya nemi sabon gida. Wannan zagayen na jini shi ne zazzaɓi da sanyi da ƙarancin jini, kuma kusan duk magungunan da ke hannu nan suke aiki. An karance kundin gadonta kaf a 2002, aka tarar da sassan gado kimanin 5,300. Duk da haka wuraren da magungunan yau suke duka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

## Tumbin ƙwayar: labarin Nivaquine

Abincin falsifarum hemogulobin ne, jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Tana haɗiye shi zuwa wata 'yar jaka mai tsami, kamar tumbi, ta narkar da fiye da rabin abin da ke cikin ƙwayar jinin. Amma in an narkar da hemogulobin, akwai saura mai ƙarfe da ake kira hem, kuma guba ne gare ta. Dabararta ita ce ta dunƙule shi ya zama baƙin tsakuwa marar lahani, wanda mai duba jini a madubin awo yake gani ɗigo-ɗigo a cikinta.

Kulorokin, wato Nivaquine, yana taruwa a cikin tumbin ya hana dunƙulewar, sai ta mutu da gubar abincinta. Makasa ce mai kyau ƙwarai, don ɗan Adam ba ya wannan aikin. An haɗa maganin a Jamus a 1934, ya yi shekaru yana aiki, ga araha.

Falsifarum ba ta sauya makasar ba. Ƙofa ta buɗe. A bangon tumbin akwai wani furotin, PfCRT, wanda sauyi a gurbinsa na 76 ya mai da shi magudanar da ke fitar da kulorokin waje kafin ya taru. Turjiyar ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta shigo gabashin Afirka a 1978, ta iso yammaci cikin shekarun 1980. Sai a 2000 aka gano furotin ɗin, bayan ɓarna ta riga ta auku. Nijar ta koma magungunan haɗin atemisinin a tsakiyar shekarun 2000.

Akwai wani abin lura daga Malawi. Ta janye kulorokin a 1993, bayan shekara goma da 'yan kai sai aka tarar ƙwayoyin da ke jin maganin sun sake mamaye ƙasar. Riƙe magudanar yana da tsada ga falsifarum. In babu maganin, marasa ita sun fi saurin yaɗuwa. Turjiya ba ta zama kyauta, kuma wasu dabarun yau a kan wannan aka gina su.

## Folat: Fansidar, rigakafin yara da mata masu ciki

Kowace halitta tana buƙatar folat don ta kwafi gadonta ta hayayyafa. Mutum daga abinci yake samu. Falsifarum kuwa mafi yawa da kanta take ƙerawa, mataki bayan mataki. Fansidar magani biyu ne a ƙwaya guda: sulfadoksin yana toshe matakin da ake kira DHPS, pirimetamin yana toshe DHFR. Hanya ɗaya, shinge biyu.

Matsalar ita ce waɗannan furotin biyu suna sauya siffa da kaɗan-kaɗan. Sauyi uku a DHFR sun riga sun game Afirka. Wanda ya fi karya maganin shi ne sauyi a gurbi na 540 na DHPS, wanda ya cika gabashin Afirka amma har yanzu ba shi da yawa a Sahel. Shi ya sa Fansidar ba ya isa ya warkar da mai jinya, amma yana iya tare ƙwayoyi 'yan kaɗan da suka fito daga hanta a jikin mai lafiya. Shi ya sa kuma rigakafin damana ya yi ƙarfi a Nijar da maƙwabtanta. Masu bincike suna sa ido a kan wani sauyi a gurbi na 431 da aka gani a Najeriya da Kamaru, abin da ya shafi Maradi kai tsaye in aka duba zirga-zirgar Dan Isa da Jibiya da Katsina.

Rigakafin, wanda ma'aikata ke kira CPS, OMS ta ba da shawararsa a 2012, Nijar ta fara a 2013. Yara 'yan wata 3 zuwa 59 ake ba, duk kwana 28 a lokacin damana. Ranar farko ƙwayar sulfadoksin-pirimetamin guda da amodiyakin guda, a gaban mai rabo. Sauran amodiyakin biyu a bar wa uwa, gobe da jibi. Ɗan wata 12 zuwa 59 yana samun miligiram 500 da 25 na farkon, da amodiyakin kimanin 150. Ɗan wata 3 zuwa 11 rabin haka. In yaro ya yi amai cikin minti 30, a sake ba shi. A gwaje-gwaje, wannan tsari ya rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100.

Inda abin ke lalacewa a tsakar gida yake. Mai rabo ya tafi, yaro ya tofar da ta farko don ɗaci, uwa ta ga lafiyarsa ƙalau, sai ta ƙulle sauran biyun a bakin zane ko ta jefa cikin kwalla, wai sai ranar da jikinsa ya yi zafi. An yi asara biyu. Yaron ya zauna da Fansidar kaɗai, shingen da ya riga ya tsage. Ranar zazzaɓin kuma ƙwaya biyu na amodiyakin ba za su warkar da shi ba, sai dai su koya wa falsifarum jure wa maganin. Amodiyakin ɗan'uwan kulorokin ne, tumbi yake duka. An haɗa shi da Fansidar ne don a sami makasa daban-daban a lokaci guda.

Wannan ne kuma dalilin da mai rabo ke tura yaro mai zazzaɓi CSI, wato ƙaramin asibiti, a yi masa gwaji maimakon ya ba shi rabonsa. Ba rowa ba ce. Haka yaron da ke shan kotirimoksazol, wato Bactrim, ba a ba shi, don hanyar folat ɗin nan shi ma yake toshewa, haɗa su ƙarin illa ne ba ƙarin kariya ba.

Mai ciki tana karɓar Fansidar ƙwaya 3 a wajen awo, daga mako na 13, tsakanin kowane sha aƙalla wata guda, sau 3 ko fiye kafin haihuwa. A nan sanin makasa yana da amfani na zahiri. Maganin ƙarin jini na awon ciki yana da folik asid miligiram 0.4, wannan bai hana Fansidar aiki. Amma mai miligiram 5 a kullum, wanda ake saya a farmasi ko ake ba masu sikila, yana ciyar da falsifarum abin da aka toshe mata, ya rage ƙarfin maganin. Wadda ke shan irinsa ta gaya wa ungozoma.

## Atemisinin: maganin da ba shi da makasa guda

Atemisinin daga wani ganye ɗan dangin tazargade aka tsamo shi a ƙasar Sin a 1972, aikin da ya sa Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Shi kamar nakiya yake. A jikinsa akwai wata gada ta iskar oksijin biyu, wadda ba ta karyewa sai ta haɗu da ƙarfen hem. Da ta karye, sai ya tarwatsa furotin barkatai a cikin falsifarum. Abincinta ne ke kunna shi.

Cikin magungunan da ke hannu, ba wanda ya kai shi sauri: a kowane zagaye na awa 48 yana rage ƙwayoyin sau 10,000. Rauninsa shi ne ba ya zama, cikin awa guda ko biyu rabinsa ya bar jini. Ga lissafin da aka gina Coartem a kai. Mai masassara mai nauyi yana iya ɗaukar falsifarum tiriliyan 1. Shan kwana 3 yana ratsa zagaye biyu, 10,000 sau 10,000, wato ragi sau miliyan 100. Saura kimanin 10,000. Waɗannan aikin abokin haɗinsa ne, lumefantirin, wanda ke daɗewa kwanaki a jini yana share su.

Kowace ƙwayar Coartem tana da artemeter, wani nau'in atemisinin, miligiram 20 da lumefantirin 120. Sha 6 ne: yanzu, bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 a kowane sha, zuwa 25 ƙwaya 2, zuwa 35 ƙwaya 3, daga 35 sama ƙwaya 4, jimilla 24. Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Ba mai yawa ba: nonon uwa, ludayin fura da nono, kunun gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli sun wadatar. Mai jinyar da ya sha da ruwa zalla a kan yunwa, sannan ya daina a kwana na biyu don ya ji sauƙi, ya bar miliyoyin ƙwayoyi gaban lumefantirin ɗan kaɗan.

To, yaya aka turje wa maganin da ke duka ko'ina? Falsifarum ta rage ci. Wani furotin, kelch13, yana taimaka mata haɗiyar hemogulobin. In ya sauya, ƙaramar ƙwaya sabuwar shiga takan ci kaɗan, hem ya yi kaɗan, nakiyar ba ta tashi sosai, kafin ta girma maganin ya bar jini. An fara ganin haka a yammacin Kambodiya wajen 2008, aka gano kelch13 a 2014. A Afirka an tabbatar da shi a Ruwanda, Uganda, Eritriya da Tanzaniya, kuma ba daga Asiya aka kwaso shi ba, a nan ya tsiro.

Sunan da OMS ta ba shi turjiya ta wani ɓangare, kuma sunan yana da ma'ana. Ƙwayoyin suna mutuwa, amma a hankali. A kwana na 3 ana iya ganinsu a jini. Muddin abokin haɗi yana aiki, mai jinya yana warkewa. Haɗarin shi ne kaya ya yi wa lumefantirin yawa har shi ma a turje masa, kamar yadda ya faru da piperakin, wani abokin haɗin atemisinin, a Kambodiya. Nijar ba ta cikin ƙasashen da OMS ta lissafa da wannan turjiya a rahotonta na 2024.

## "Na sha bai ci ba"

Yawancin abin da ake kira rashin cin magani ba turjiya ba ne. Wani zazzaɓin tun farko ba palu ba ne, ba a yi gwaji ba. Wani an warke, sabon sauro ya sake cizo, abin da a unguwannin bakin Gulbin Maradi ko ƙauyukan tafkin Madarunfa cikin Satumba ba ya buƙatar dogon bayani. Wani katin babba aka raba wa yara uku. Wani kuma maganin ne jabu, ko ya sha rana a faranti a kasuwa har ya lalace. Gwajin gaggawa na TDR shi ma yana ruɗarwa: furotin ɗin da yake nema yana iya zama a jini makonni bayan ƙwayoyin sun mutu, don haka layi biyu bayan kwana 10 ba hujja ba ce. Madubin awo ne ke raba gardama.

Turjiya ta gaskiya da bincike ake tabbatar da ita. A ba marasa lafiya magani a gaban ma'aikaci, a bi su kwana 28 ko 42, a gwada gadon duk ƙwayar da ta dawo don a san tsohuwa ce ko sabuwa. Ƙa'idar OMS ita ce a yi haka duk shekara biyu, kuma in kasawa ta wuce kashi 10 cikin 100, ƙasa ta sauya magani.

## Sababbin wuraren duka

Hanya biyu ake bi. Wasu su zaɓi furotin tukuna su ƙera masa magani. Wasu su zuba dubban sinadarai a kan falsifarum mai rai a ɗakin bincike su ga wanne ya kashe ta, daga baya a nemi inda ya duka. Kamfanin GSK ya gwada kusan miliyan 2 ta wannan hanya, ya fitar da sama da 13,000 ga kowa a 2010. Hanya ta biyu ta fi ba da 'ya'ya a fagen masassara.

Yadda ake gano makasar ya cancanci a tsaya a kai. Ana kiwon ƙwayar cikin magani ɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe duka ba, har wasu su turje, sannan a karanta gadonsu a ga inda ya sauya. Wato da gangan ake yin abin da rabin kati ke yi a jikin mutum.

Ta haka aka gano PfATP4, famfon da ke fitar da gishirin sodiyom daga cikin falsifarum. Sipargamin yana tsayar da shi, ruwa ya cika ta, ta kumbura ta mutu, cikin sauri mai ban mamaki. Amma da aka gwada shi shi kaɗai a Afirka, yawancin waɗanda cutar ta dawo musu an same su da sauyi guda a famfon. Wani, MMV390048, wanda ƙungiyar Kelly Chibale ta Jami'ar Cape Town ta gano, yana dukan furotin PI4K. An dakatar da shi bayan an ga yana lahanta 'yan tayi a gwajin ɓeraye. Kabamikin kuma yana tsayar da injin ƙera furotin na ƙwayar, yana matakin gwaji.

Wanda ya fi nisa shi ne ganapulasid, sinadarin GanLum, mai dagula jigilar furotin a cikin falsifarum. An gwada shi a kan mutum 1,668 a ƙasashen Afirka 12; kamfanin ya ce ya warkar da kashi 97.4, Coartem kuma 94.0. Garin magani ne, sau ɗaya a rana, kwana 3. Abu biyu a riƙe. Sanarwar sakamako ba rajista ba ce, sai hukumomin magani da OMS da shirin ƙasa na yaƙi da masassara sun amince kafin ya iso CSI. Na biyu, abokin haɗinsa lumefantirin ne. Duk abin da ya raunana lumefantirin yau ya raunana sabon tun bai zo ba.

## Inda masana suka rabu

Wasu suna ganin a daina dora ƙasa gaba ɗaya a kan haɗi guda, a riƙa amfani da biyu ko uku lokaci ɗaya, kamar yadda aka gwada a Kaya ta Burkina Faso. Hujjarsu ita ce ƙwayar da ta tsira daga wannan za ta faɗa hannun wancan. Masu ja da baya suna kawo tsada, da wahalar ajiya, da ruɗun ma'aikaci a ƙaramin asibitin ƙauye. A Nijar zaɓin ma ya ragu, don OMS ba ta son a yi jinya da haɗin da ke da amodiyakin a inda ake CPS.

Wasu kuma sun ce a ƙara na uku cikin Coartem, wato amodiyakin. Dalilinsu mai ƙarfi ne: sauyin PfCRT da ke taimaka wa falsifarum a kan amodiyakin yana sa ta fi jin lumefantirin, su biyun suna ja ne ta fuska biyu. Masu suka suna cewa za a ɗora wa yaron yau ƙarin amai da ƙarin kuɗi don amfanin da sai nan gaba za a gani.

A kan shayin ganyen Artemisia, masu goyon baya suna kawo araha da cewa ana iya nomawa a gida. OMS ta ƙi a 2019: yawan sinadarin ya bambanta daga ganye zuwa ganye, galibi bai kai ba, kuma atemisinin ne ba abokin haɗi. A ma'aunin makasa, hujjar OMS ta fi nauyi.

## Allura da ƙarin ruwa

Abin da ya fi matsa wa atemisinin a garuruwa shi ne allurar artemeter ko artesunat ga zazzaɓi marar tsanani, a kemis ko a gida, kwana ɗaya ko biyu, ba a bi ta da komai ba. Mutane suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Amma atemisinin ne tsirara, ga lissafin can na sama: ragowar ƙwayoyin ba mai share su.

Allurar tana da wurinta, masassara mai tsanani: suma, jijjiga, kasa sha ko kama nono, amai ba tsayawa, numfashi sama-sama, tafin hannu fari fat. Artesunat miligiram 2.4 a kowane kilo, ko 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a take, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiya. Wani babban gwaji na 2010 a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna mace-mace kashi 8.5 da artesunat, 10.9 da kinin. Ga yaro ƙasa da shekara 6 a ƙauye mai nisa, akwai artesunat na dubura, miligiram 10 a kowane kilo, wanda aikinsa kawai ya riƙe yaron har a kai shi asibiti. Ko ta jijiya aka ba da shi ko ta dubura, da zarar mai jinya ya iya haɗiya sai a ɗora masa cikakken Coartem na kwana 3, sha 6, da ɗan abinci mai maiƙo.